Cire Awa Biyu

Duk ranar Alhamis bayan la'asar sai wayata ta yi ƙara. Abokan ɗakina har sun haddace, da sun ji sai wani ya ce, "Injiniya, tashi, ga mai gidan sinima nan." Babana ne daga Kamba. Gaisuwa da tambayar karatu ba sa cin minti ɗaya, sai ya gangaro kan abin da ya sa ya kira: "To, mi za su sa muna wanga sati?" Ni kuma in buɗe shafukan tashoshin a Facebook, in karanto masa finafinan da za a nuna, da rana, da lokaci. Shekara biyu ke nan muna haka, tun ranar da na shigo poli.

Ga wanda bai san Kamba ba, ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi, a bakin iyaka. Ka ɗan miƙa kaɗan ka shiga Nijar, ga Gaya nan; ka haye gadar Kwara daga Gaya ka faɗa Malanbil ta ƙasar Benin. Ta kudu kuma ƙasar Bagudo ce, su Lolo da Tsamiya, inda nan ma ake ƙetarawa Benin. A kasuwarmu za ka ji Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci a rumfa ɗaya, naira da sefa kuma a aljihu ɗaya. A nan Baba yake da gidan kallo: rumfar kwano, benci shida, talabijin ɗaya, janareto ɗaya, da dish a kan rufi. Ƙwallo ce take kawo kuɗi. Amma daren Juma'a na tsofaffi ne, ba a karɓar ko sisi, kuma tsohon fim ɗin Indiya ake kallo.

Baba ya kamu da wannan ciwo ne tun yana yaron mota, suna ɗaukar kaya daga Kamba zuwa Sakkwato har Kano. In an sauke kaya, maigidansa ya tafi masauki, shi kuma ya zarce sinimar Wapa a Fagge da kuɗin abincinsa. A can ya fara ganin Sholay, fim ɗin da ya fito a 1975, kuma a lissafinsa ya kalle shi ya fi sau arba'in. Da ya bar bin mota sai ya sayi bidiyo mai kaset, daga baya na faifai, daga baya dish.

'Yan majalisar su biyar ne. Akwai Baba, akwai Kawu ƙanin Inna wanda tela ne, akwai mai shayin bakin titi, akwai wani tsohon direba mutumin Gaya, sai wani Badande mai fataucin albasa zuwa Malanbil. Kowa da gwaninsa, kuma ba wanda ya taɓa sauya sheƙa. Baba na Dharmendra ne, wanda Hausawa suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi. Kawu na Amitabh Bachchan ne. Mai shayi ya ce duk su biyun yara ne, in ana maganar wasa a kawo Nargis a cikin Mother India na 1957, matar da ta yi noma da yunwa ta raini 'ya'yanta. Direba shi ba ruwansa da waƙa da rawa, a ba shi Bruce Lee. Badanden kuwa duk wanda ya saya masa shayi a daren, shi yake mara wa baya.

Gardamar da ba ta ƙarewa ita ce ta kwabon nan na Sholay. Wanda ya kalla ya sani: Jai, wato Amitabh, yana da kwabo da yake jefawa in za su yanke shawara shi da Veeru, wato Dharmendra, kuma kullum shi yake ci. Sai bayan ya mutu Veeru ya gano fuskokin kwabon biyu iri ɗaya ne. Kawu ya ce wannan ita ce abota, mutum ya yaudare ka don ya mutu a madadinka. Baba ya ce ha'inci sunansa ha'inci, ko da alheri aka yi shi. Na taso ina jin wannan musu kamar yadda wasu suke tasowa suna jin rediyo.

Yadda aka yi na zama akawun majalisa kuwa, a 2014 ne, ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Lokacin dish ɗinmu yana kamo tashoshin Larabawa masu nuna finafinan Indiya, irin su Zee Aflam da MBC Bollywood. Ranaku ba sa ba tsofaffin wahala, tunda Juma'a da Asabar da Lahadi duk daga Larabci muka aro su, da an faɗa sun gane. Wata rana aka yi tallar Sholay, Juma'a ƙarfe tara na dare. Aka sayi mai, aka share rumfa, direba ya taso tun daga Gaya. Ana idar da isha'i aka zauna ana jira tara ta buga, aka tada inji. Sai ga Jai da Veeru sun daɗe da isa ƙauye, fim ya yi nisa. Ranar Baba bai ci tuwo ba.

Ni ne na lura da wasu haruffa uku da ake rubutawa kusa da lokacin: KSA. Na kwafe su a bayan littafina na kai wa malaminmu, ya ce ai agogon Saudiyya ke nan, kuma suna gabanmu da awa biyu. Na dawo da gudu na faɗa wa Baba. Ya dube ni ya ce, "Ashe bokon ga na da rana." Daga ranar ya miƙa mini alli da allon katako. Aikina in zauna gaban talabijin in tsinci talla, in cire awa biyu, in rubuta. Tara ta Saudiyya bakwai ce a wurinmu, tsakanin magariba da isha'i, wannan fim ya wuce mu ke nan. Sha ɗaya tasu ita ce tara tamu, ita ake so. Da yake agogon Nijar da na Benin ɗaya ne da namu, allon nan nawa ƙasa uku yake wa aiki, kuma ina taƙama da hakan ba kaɗan ba.

Taƙamar ba ta biyo ni sakandare ba. A garinmu gidan kallo ba sana'ar da ake yabo ba ce. An sha yin wa'azi a kansa, an sha cewa nan yara suke lalacewa, wani lokaci ma da gaskiyar masu faɗa. Da na zo cike takardun shiga poli, wurin sana'ar mahaifi na rubuta "ɗan kasuwa". Abokan ɗakina ma ba ni na faɗa musu ba, a waya suka tsinta.

Ita ma sana'ar ta daɗe tana tangal-tangal. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakoki, a Nuwamba kuma aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Kamba kuwa tana ciki tsundum. A 2023 aka cire tallafin mai, sannan aka yi juyin mulki a Nijar a watan Yuli, iyaka ta sake rufewa, mutanen Gaya suka ɗauke ƙafa. Samari kuma kowa da wayarsa, a je wurin masu tura fim a cika ta da Indiya-Hausa irin na su Algaita. Baba ba ya ko son jin zancen. Ya ce shi ba zai zauna ya ji jarumin Indiya da muryar ɗan Kano ba. Duk na san wannan, amma da yake duk lokacin da na nemi kuɗi sai in ga alat, ban taɓa tsayawa na tambayi daga ina suke fitowa ba.

A watan Oktoban da ya wuce furojet ya sha mini kai. Mu huɗu ne a rukuni, inbata muke haɗawa, kullum wani abu sai ya ƙone. Ranar wata Alhamis Baba ya kira ina tsakiyar haɗa waya, ba ni da data, ba ni da haƙuri. Sai kawai na ce, "Sholay ne, Baba, ran Juma'a, sha ɗaya ta Saudiyya." Ƙarya ce tsagwaronta, na faɗa ne don in ajiye waya. Da dare abin ya dame ni. Na san Baba, ya taɓa yini bai yi mini magana ba saboda na yi kuskuren minti goma sha biyar a allo. Na zauna ina jiran faɗa.

Faɗa bai zo ba. Alhamis ta zagayo, ya kira kamar kullum. Na yi ta maza na ce, "Baba, ya fim ɗin ran nan?" Ya ce, "Kai, ya yi daɗi ƙwarai. Kawunka har da hawaye." Gabana ya faɗi. Na koma na bincika, ba tashar da ta nuna Sholay a daren. Na so in tambaye shi, na kasa, don tambayar za ta tona ni ma.

Ranar 24 ga Nuwamban 2025 na ga labarin mutuwar Dharmendra. Wannan karon ni na kira. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke, sannan ya ce, "Allah sarki, Sarkin Ƙarfi. Shekara nawa?" Na ce 89. Ya ce, "Ya yi ƙoƙari." Na ce ya riƙa leƙa tashoshin, ƙila su saka tsofaffin finafinansa. Ya ce to, to, ya sauya zance.

Da aka yi hutu na hau motar Kamba, ban ko shiga gida ba na zarce rumfa. Dish yana nan a kan rufi, wayarsa tana reto. Benci uku suka rage. A kan teburin akwai shatin inda talabijin ya shekara goma yana zaune. Allona kuwa yana rataye inda na bar shi, da rubutun ƙanina, finafinan da na karanto wa Baba a makon, an cire awa biyu daidai.

Inna ce ta faɗa mini, tana tsince shinkafa ba ta ko ɗago ba. Tun watan Agusta aka sayar da talabijin da janareto ga wani mutumin Bagudo, makon da na aiko neman kuɗin rajista da na kayan furojet. Baba ya tara mutanen gida ya ce duk wanda ya gaya mini bai yafe ba. Ta ƙara da cewa ai ko kafin nan ya fi shekara ba ya ganin hoton sosai, yana ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ta fara. Sauraro kawai yake yi. Ni da nake zuwa hutu ina kwana a gidan, ban taɓa lura ba.

Daren Juma'a na bi shi rumfa. Duk sun zo, har direba. Mai shayi ya kawo buta, aka kunna 'yar fitila mai caji, ƙanina ya karanta abin da ke allo. Wanda suka sani a ciki shi suke ɗauka, sauran a yi musu a kan 'yan wasan. Da na ce ni Sholay nake so, Baba ya gyara zama ya fara tun daga tashar jirgin ƙasa. In ya tsallake wani wuri Kawu ya dawo da shi. Direba ne yake yin Gabbar Singh, da Hausarsa mai gargada, kuma wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Da aka zo kan kwabo aka ajiye labari aka koma musu, sai da mai shayi ya raba.

A hanyar gida ina riƙe da hannunsa saboda duhu na ce, "Baba, ran nan ƙarya na yi maka, ba a sa Sholay ba." Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai ka yi taka, ni na yi tawa, mun yi kunnen doki." Na ce amma shi ne mai cewa ha'inci sunansa ha'inci ko da alheri aka yi shi. Ya ce in rufa masa asiri kada Kawu ya ji.

Na rubuta wannan ne don na san ba ni kaɗai ba ne. Da yawanmu a makarantar nan ba mu san abin da aka ɗaga aka kai kasuwa ba kafin alat ya shigo. Wani akuyar innarsa ce, wani buhun geron da gida za su ci, wani keken ɗinki. Mukan ce kuɗin bai isa ba, kuma gaskiya ne bai isa ba. Amma in ka je hutu, ɗan'uwa, ka zagaya gidan da ido, ka ƙirga abin da babu.

Saura mini 'yan makonni in kare furojet. Bayan nan sai shekarar sanin makamar aiki, kuma na riga na yi magana da wani mai haɗa sola a nan Birnin Kebbi. Na ce kuɗin farko da zan tara na aikin ido ne, tunda an ce yana ana cire ta mutum ya koma gani. Baba ya ce a'a, talabijin tukuna, shi ido bai dame shi ba, abokansa ne yake jin kunya. Kawu yana bayana, mai shayi ma haka, direba yana bayan Baba, Badande bai yanke ba tukuna. An ce yanzu wannan musun ya fara danne na kwabo.

Yau Laraba. Na sayi data, na duba jadawalin sau biyu, na cire awa biyu na rubuta a takarda. Gobe bayan la'asar zai kira.