Shirin barbarar karnuka a Achika

A Achika da sauran ƙauyukan ƙaramar hukumar Wudil, ana ajiye kare ne domin farauta da gadin gida ko garke, kuma waɗannan suna cikin dalilan da malaman fiƙihu suka halatta riƙonsa a kansu. Mafarauci da ke son karyarsa ta haifi ruwa-biyu, wato 'yan kwikwiyon da uwa da uba ba jinsinsu ɗaya ba, yakan yi sha'awar girma da kwarjinin karen Jamus, sai dai gado ba ya bin son zuciyar mai kiwo, domin ɗan kwikwiyo na iya ɗauko gashi mai kauri daga uban, gashin da ke tara kaska ya kuma galabaitar da shi a zafin bazara, ya rasa juriyar da uwarsa ta gada a wannan ƙasa.

Cikin karya yakan ɗauki kwana 63, shayarwa kuma kusan wata biyu, saboda haka mai lura yakan so haihuwar ta faɗo da kaka, lokacin da tuwo da dusa suka wadata. Abin da ya fi cancantar tunani shi ne inda kowane ɗan kwikwiyo zai tafi bayan yaye, tun da wanda ba a yi wa mazauni ba shi ne ke komawa yawon juji, inda haukan kare ke yaɗuwa ta hanyar cizo. Allurar rigakafin wannan cuta, irin wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi, ana fara ta ne tun kwikwiyo yana da wata uku.