Ranar da na ga kifin wel a tekun Kwatano

Kafin a hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, da yawa daga cikinmu matasan Gyaɗi-Gyaɗi sana'armu ke nan, mu je Kwatano mu tuƙo wa dillalai mota zuwa Kano. A wata tafiya cikin Satumba takardun motocinmu suka makale, muka rasa abin yi. Mai masaukinmu ya ce a wannan watan ake fita da mutane kallon kifin wel. Muka biya kuɗi, muka shiga jirgin ruwa.

Ƙasa ta ɓace mana, jiri ya kwantar da wasu. Can sai wani baƙin abu mai sheƙi ya taso a hannun dama. Abokin tafiyata, ɗan Tarauni, ya damƙe kafaɗata yana salati, ya ce jirgin yaƙi ne mai nutso. Matuƙin ya ce ko Benin ko Najeriya babu mai irin wannan jirgi. A nahiyarmu sai irin su Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu. Bai rufe baki ba abin ya feso tururi sama, muka ji hucinsa.

Uwa ce da ɗanta. Tsawonta zai kai mita 14, fukafukanta dogaye masu fari. Ɗan na manne da gefenta, in ta nutse ya bi ta. Da ta ɗaga jela ta shige ruwa, jirgin ya ɗauki kabbara. Kissar Annabi Yunusa, alaihissalam, da muka koya a makarantar allo ta faɗo mini, idona ya kawo ruwa.

Jagoranmu ya ce wel mai doro ne. Daga tekun ƙanƙara na kudancin duniya suke tahowa duk shekara, su haihu a ruwa mai ɗumi na mashigin tekun Gini. Ba ƙwai suke yi ba, nono suke shayarwa. Farauta saboda mansu ta kusa ƙarar da su, sai da aka dakatar da kamun su don kasuwanci a shekarun 1960 sannan suka farfaɗo.

Wannan bayani ya fi tsaya mini a rai, domin ya tuna mini da ungulu. Muna yara, ungulaye kan jeru kusa da mahautan kasuwar Tarauni suna kwashe ƙazanta. Yau yaran unguwarmu sai dai su ji sunan ungulu a karin magana, domin guba da masu neman sassan jikinta don tsibbu sun kusa gamawa da ita.

Wel ya dawo ne saboda mutane sun janye masa hannu. Mu ma mu janye wa ungulu: mu daina sayen kanta da ƙwanta, hukuma kuma ta hana cinikinsu a kasuwanninmu.