Cutar Kwashe-Duka da Ire-irenta

Ƴan kasuwa sun san buhun fulawa, sun san ranar da kuɗinsa ya hau da ranar da ya sauka, amma kaɗan ne suka san abin da manomin alkama yake fama da shi can inda ake nomanta da yawa, kamar Faransa da Ingila da Ostareliya. Cikin abokan gabansa akwai wata fumfuna da ke zaune cikin ƙasa, tana bin saiwa. Manoman kudancin Ostareliya, waɗanda ta addaba tun wajen 1852, su ne suka laƙaba mata sunan da ke nufin kwashe duka.

Aikinta a ɓoye take yin sa. Takan baƙanta saiwa, ta toshe hanyar ruwa, alhali ganye yana nan kore. Sai lokacin da ya kamata zangarniya ta cika, sannan a ga fegi-fegi na gona sun yi fari fat, ba ƙwaya a ciki. Bayan girbi kuma ta laɓe cikin kututturen kara tana jiran shuka mai zuwa. Shi ya sa wanda ya maimaita alkama a gona guda yakan sha wuya a shekara ta biyu zuwa ta huɗu.

Dabarar da aka gada ita ce sauya shuka. Akwai wani hatsi da Faransawa ke kira abuwan, abincin dawakinsu, wanda saiwarsa take fitar da wani dafi mai suna abenasin. Fumfunar alkama ba ta iya jure masa, don haka shekara guda ta abuwan takan bar ta da yunwa. Manoma suka amince da wannan, sai ga shi a 1940 wata masaniya, Turner, ta bayyana wani iri a ƙasar Wales mai cin abuwan ɗin kansa. An yi shekaru fiye da hamsin kafin Anne Osbourn da abokan aikinta a Norwich su tabbatar, a 1995, cewa wani sinadari mai warware dafin ne ke ba wannan iri damar cin abuwan. Da suka lalata ƙwayar gadon da ke samar da shi, sai fumfunar ta kasa taɓa abuwan, amma ta ci gaba da cin alkama.

A nan ne ma'aikacin gona mai gaggawa yake yin tuntuɓe. Yana jin suna ɗaya sai ya rubuta shawara ɗaya, ya rarraba wa kowa. To, suna ɗaya ne, amma masu amsa shi da yawa: akwai mai bin alkama, akwai mai haɗawa da abuwan, akwai danginsu mai kama shinkafa. Bambancin ya kai har a 2016 masana suka raba su, kowane da sunansa na jinsi.

Ko cikin na alkama kaɗai ba duka suka zama ɗaya ba. Maganin silthiofam da ake shafa wa iri kafin shuka yana kashe wasu, wasu kuwa tun asali ba ya yi musu kome, kuma sau da yawa ana samun su a gona guda. Manomi ya biya kuɗin magani cikakke, amma amfaninsa ya danganta da waɗanda suka fi yawa ƙarƙashin ƙafarsa, abin da ido ba ya gani sai an kai ƙasar ɗakin bincike.