Ranar Da Motar Kawu Ta Tafasa A Gujungu

 Yau ba zancen girki ko reno na kawo muku ba, zancen mota ne. Kada wata ta ce ina ruwan biri da gada. In mota ta lalace a hanya, ai mu ne a baya da goyo da tsofaffi. Ashe kuwa da ruwanmu.

Cikin watan Afrilu Kawuna ya ɗauke mu daga Kaugama za mu Kano, mu kai Inna a duba mata ido. Mu huɗu ne: shi, da Inna, da ni, da ƙanena ɗan shekara 15. Kun dai san bazarar ƙasar Haɗeja, zafi yakan haura digiri 40. Duk da haka mota tana ta gudu lafiya lau. Daga inda nake zaune ina hangen allurar nan mai nuna zafin inji, tana tsakiya ba ta motsa ba.

Da muka iso Gujungu, ashe ranar kasuwa ce. Motocin hatsi da na shanu da amalanke sun cushe hanya, muka koma tafiyar hawainiya. Sai na ga allura tana hawa, har ta taɓa ja. Kawu ya ratse gefe, ya kashe mota, ya ɗaga bonet, sai tururi. Kafin a ce kwabo ƙanena ya naɗe hannu da hula, ya nufi murfin lagireto.

Kun san ɗiya ba ta ɗaga murya gaban kawunta, balle cikin taron maza. Amma ban san sa'ad da na ce, "Kai! Cire hannunka!" ba. Kowa ya juyo. Wani mai rake ya yi dariya, ya ce, "Hajiya, ai ruwa take so." Kawu ya zuba mini ido. Na ce, "Kawu, ka gafarce ni. In ya buɗe yanzu, fuskarsa za ta saɓule."

Ga dalili. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa ruwa yana tafasa a digiri 100, amma in an toshe shi gam, sai ya wuce haka bai tafasa ba. Aikin murfin lagireto ke nan. Da an kwance shi da zafi, ruwan sai ya tafasa nan take, ya yi tsiri sama. Wadda ta taɓa buɗe madambaci da garaje ta san kaɗan daga ciki.

Kawu ya ce a jira. Muka shimfiɗa wa Inna zane a inuwa, muka yi kamar rabin sa'a. Ina zaune ina tunani: me ya sa ba ta yi zafi tana gudu ba, sai da ta tsaya? Ruwa ke zagaya inji yana kwaso zafi, ya kai lagireto iska ta huce shi, kamar yadda muke fifita kunu da faifai. In ana gudu, iskar hanya ke fifitawa. In an tsaya, aikin fanka ne. Na ce, "Kawu, tun da muka shiga cunkoson nan ban ji kukan fanka ba."

Da inji ya huce, Kawu ya ɗora tsumma ya murɗa murfin a hankali, ya ƙara ruwa mai tsabta. Aka leƙa ƙasa, ba yoyo, tiyo bai fashe ba. Ya ta da mota, allura ta wuce tsakiya, fanka ko motsi. Aka kira wani makanike, ya buɗe akwatin fis, ya zaro na fanka, ga 'yar wayar cikinsa ta tsinke. Ya sa sabo mai lamba ɗaya da tsohon, sai ga fanka tana juyi. Ya gargaɗe mu, in ya sake ƙonewa a duba fankar kanta. Muka isa Kano ba mu rasa likita ba. A hanya Kawu ya ce wa Inna, "Ashe kuɗin makaranta bai faɗi ƙasa banza ba."

To, ku riƙe wannan. In mota ba ta zafi sai cikin cunkoso, a fara tuhumar fanka, ko fanbel in tsohuwar mota ce. In tana zafi har a guje, a duba ƙarancin ruwa ko toshewar lagireto. Mu mutanen fadama sai mu kula, ruwan kududdufi da na kogi laka gare shi, yana toshe 'yan hanyoyin ruwan, ƙura da ƙaiƙayi kuma suna liƙe fuskarsa. Kada kuma a sheƙa ruwan sanyi cikin inji mai tsananin zafi, yana iya tsagewa kamar tukunyar ƙasa.

'Yan makaranta, ku dage da darasin kimiyya. Kunya adon mace ce, amma da na yi shiru ran nan, da yanzu jinya muke yi. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.