AMANAR GAREJIN KAWUNA

'Yan'uwana ɗalibai, in an ce gareji, abin da kowa ya sani shi ne ɗakin da mota ke kwana. To, a gidan kawuna da ke Kaduna ba haka abin yake ba. Motarsa a waje take kwana, gindin mangwaro, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta. Abin da ke cikin garejin kuwa jirgin sama ne, amma ba a haɗe ba, gunduwa-gunduwa. A wannan ɗaki na yi wata ɓarna lokacin dogon hutu na 2023. Labarinta nake so in ba ku, ko wani ya tsira daga irin abin da ya same ni.

Bari in fara da yadda aka yi jirgi ya shiga gidan mutum. A cikin shekarun 1990 an harhaɗa waɗansu ƙananan jirage guda 60 a Kaduna, masu suna Air Beetle, don koya wa sojojin sama tuƙi. Asalin samfurinsu na Amurka ne, ana ce da shi RV-6A, kuma wani mutum mai suna Richard VanGrunsven ne ya tsara shi. Irin jirgin nan ne da ake sayar wa mutum a wargaje cikin akwatuna, ya je gida ya haɗa abinsa da hannunsa. Mutum biyu yake ɗauka, faɗinsa kuwa daga bakin wannan fiffike zuwa na wancan ƙafa 23 ne. Kawu yana cikin samarin da suka yi wannan aiki a Kaduna. Da ya yi ritaya sai ya ƙudura a ransa shi ma sai ya haɗa nasa na kansa.

Kawu ba attajiri ba ne, da kuɗin fansho da na gona yake sayen kayan, bana kaɗan, baɗi kaɗan. Saboda haka wani abin sai ya shekara biyar a ajiye kafin a zo kan aikinsa. Shi ya sa kullum yakan ce ajiya ita ce rabin ƙira.

Duk wanda ya shiga garejin nan zai ga kome da mazauninsa. Fallayen alminiyam, wanda maƙera ke ce wa sanholo, su ne fatar jirgin, kuma kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba. A tsaye yake jera su cikin wata kanta ta katako, da 'yar tazara tsakaninsu don iska ta riƙa ratsawa. Ko ɗaya ba ya taɓa daɓen siminti. Fiffike ɗaya da ya gama yana rataye cikin majanyin tsohuwar darduma, kamar jariri a goye. Ƙusoshin ribit, waɗanda jirgi ɗaya ke cin fiye da dubu goma, suna cikin gwangwanayen madara, kowanne da lambarsa a jiki. Farfelar katako a kwance take, ba a jingine ba, domin in aka tsai da ita laima takan taru a gefen da ke ƙasa, wani ɓangare ya fi wani nauyi, ta riƙa girgiza in tana juyawa. Injin kuwa ya shafe cikinsa da man adana ƙarfe, ya toshe duk ƙofofinsa, ya sa masa waɗansu 'yan duwatsu shuɗɗa masu shan laima. In sun ƙoshi sai launinsu ya juya, ya sake waɗansu. Murfin da ke rufe kan matuƙi ba gilashi ba ne, roba ce mai haske, yana lulluɓe da tsohon zanen gado. An hana kowa goge shi da busasshen tsumma, don ƙurar hunturu kan kankare shi, balle a kusantar da shi da fetur.

A can ƙuryar gida, bayan kicin, ya yi wata rumfar kwano inda yake ajiye akwatuna da katakai. Ƙafafun kantar da ke wurin suna tsome cikin gwangwanayen baƙin mai saboda gara. Har kyanwa yake kiwo musamman don ɓeraye, wai fitsarinsu na cin ƙarfe, su kuma suna cin waya. Akwai kuma wani babban littafi da yake rubuta kowane abu, da ranar da ya shigo, da inda yake. Matarsa, wadda muke kira Inna, takan yi masa ba'a ta ce jirgin nan kishiyarta ce, ta fi ta ɗaki mai kyau. Ni ma a raina ina ganin tsananin ya yi yawa. Ƙarfe ne fa, me zai same shi?

A watan Agusta aka aiko cewa wansa ba shi da lafiya a ƙauye. Da zai tafi sai ya kira ni ya danƙa mini mabuɗi, ya ce, “Ɗana, ka riƙa buɗewa da hantsi iska ta shiga, in hadari ya taso ka rufe. Kada ka matsar da kome daga inda ka gan shi.” Na ce, “To, Kawu, in Allah ya yarda ba abin da zai faru.”

Kwana huɗu da tafiyarsa sai ga mota ta kawo takin zamani buhu shida wanda ya saya don gonarsa. Ana saukewa hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Sito cike yake da hatsi, rumfar baya kuwa feshi na shiga. Sai na ce ai dabara ba ta ƙare wa ɗan sakandare ba. Na buɗe gareji, na zare fallaye uku daga kanta, na shimfiɗa su a ƙasa ɗaya bisa ɗaya, na tura kantar gefe, na sa aka jibge buhunan a kusa da su. Ɗaya daga cikin buhunan ya yage, taki ya ɗan zuba, ban kula ba. Na ce gobe zan mai da kome wurinsa.

Goben nan ba ta zo ba sai bayan mako uku. Ƙwallo ta ɗauke mini hankali, ko buɗewar hantsin ma na daina. Ranar da aka ce Kawu na nan tafe jibi, na shiga da sauri in gyara. Ashe kwanon rufi na yoyo daidai wurin. Taki ya sha ruwa ya narke, ya malala ƙarƙashin fallayen da tsakaninsu. Da na ɗaga na sama sai na ga wani farin gari kamar toka ya yi dabbare-dabbare. Na sa yatsa na goge, sai ga ƙananan ramuka kamar zanzana. Gabana ya faɗi. A ranar na san cewa alminiyam ma yana tsatsa, sai dai tasa fara ce, ba ja ba.

Maimakon in tsaya nan, sai na shiga gyaran gangar auzinawa. Na ɗauko soson ƙarfe na wanke tukunya daga kicin, na dirje wurin har ya yi ƙyalli. Na mai da fallayen cikin kanta, na juya gefen da ya ɓaci wajen bango, na kwashe takin, na share ɗaki tas. Wanda bai sani ba sai ya rantse ba a taɓa kome ba.

Daren nan ban runtsa ba. Zuciya ɗaya na ce mini in yi shiru, kafin ya zo kan fallayen nan an shekara, wa zai ce ni ne? Ɗayar kuwa na tuna mini cewa fallayen nan na fiffike na biyu ne, kuma wanda zai fara hawa jirgin nan Kawu ne da kansa. Mota in ta lalace sai a gangara gefen hanya. Jirgin sama fa, ina gefen hanyarsa?

Da ya dawo, bayan ya ci abinci ya huta, na je na durƙusa na ce, “Kawu, na ci amanarku.” Na kwashe labari duka na gaya masa, har da na soso. Bai ce uffan ba. Ya tashi ya ɗauki tocila da tabarau, ya fito da fallayen waje, ya daɗe yana dubawa. Da ya ɗaga hannu na zaci mari ne, ashe nuna mini zai yi.

Ya ce, “Ka ga wannan falle? Alminiyam ne gauraye da jan ƙarfe kaɗan don ya yi ƙarfi, sa'an nan aka lulluɓe shi da wata siririyar fata ta zallan alminiyam don ta kare shi. Gishirin da ke cikin taki ya huda fatar, siminti mai laima ya taimaka masa. Sosonka kuwa ya kankare sauran, ya kuma bar ɓurɓushin baƙin ƙarfe a jiki, wanda zai ci gaba da cin wurin ko da ido bai gani ba. Ɓarnar taki kuskure ce. Ta soso ita ce ta fi muni, don ita ɓoyewa ce.”

Falle ɗaya ya tsira, biyu suka tashi daga aiki. Kuɗinsu ya fi fanshonsa na wata da watanni, ga wahalar jiran a kawo daga waje. Hawaye suka zubo mini. Sai ya ce in zauna, ya ba ni labarin Wilbur da Orville Wright, 'yan'uwan nan masu shagon keke a garin Dayton na Amurka, waɗanda jirginsu ya fara tashi ranar 17 ga Disamba, 1903, ya yi daƙiƙa 12 a sama. Ya ce bayan haka wargaza shi suka yi, suka zuba a akwatuna, suka ajiye a wata rumfa bayan shagonsu. A 1913 ambaliya ta ci garin, akwatunan suka yi kwana da kwanaki cikin ruwa da laka. Da ƙyar aka ceto shi, ga shi yau yana ajiye a gidan tarihi a birnin Washington. Ya ce, “In ruwa bai ji kunyar jirgin farko na duniya ba, nawa zai ji wa? Abin da ya faranta mini rai shi ne ka faɗa tun muna ƙasa. Abin da aka ɓoye a gareji a sama yake fitowa.”

Sauran hutun nan a garejin na ƙare shi. Muka hau muka toshe yoyon kwano, muka ƙara wa kanta tsawon ƙafa, muka yi wa taki wata 'yar bukka can nesa da gareji. Ya sa ni na rubuta a babban littafinsa da hannuna cewa fallaye biyu sun lalace, da rana, da dalili. Sa'an nan ya yanko daidai wurin da na dirje, ya huda, ya rataye a ƙofar gareji. Ɗaya guntun kuwa ya ba ni, yana cikin akwatina na makaranta har yanzu.

Jirgin Kawu bai tashi ba tukuna, kuma ko an gama shi sai hukumar kula da jiragen sama ta duba ta yarda. Wataƙila ya tashi, wataƙila ƙarfin Kawu ya ƙare kafin nan. Amma ni dai na riga na sami rabona a cikinsa. Da can, in malamin kimiyya ya ce a wanke kwalabe a mai da su mazauninsu, ko malamin sassaƙa ya ce a shafa wa zarto mai kafin a rataye, sai in ga neman wahalar da mu ne kawai. Yanzu na gane abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Don haka ina jan hankalin 'yan'uwana, musamman masu sha'awar zama injiniyoyi. Kada mu ɗauka gwaninta a wajen ƙira kaɗai take. Wanda bai iya ajiya ba bai iya ƙira ba. In an ba ka amanar kaya, bar su inda ka same su. In kuwa tsautsayi ya gitta ka yi ɓarna, faɗi da bakinka tun da wuri, kada ka ɗauko soso. Allah ya sa mu zama masu riƙon amana, amin.

Daga wani ɗalibin aji biyar