Littafin Asalin Gidajenmu

Mu ɗaliban ajin ƙarshe muna so mu ba ku labarin aikin da muka yi a hutun bana, saboda da yawa kun gan mu muna shiga gida-gida da littafi da bik, kuna tambaya wai mene ne.

Asalin abin rasuwa ce. Da aka yi rashin dattijon nan na unguwarmu, wanda in an tashi aure ko rabon gado shi ake tambaya wane ɗan wane ne, sai ga baƙi daga Sokode da Dapango a wurin zaman makoki. Kowa ya san 'yan'uwa ne, amma aka rasa mai cewa ta ina aka haɗu. Washegari Malam ya ce mana, "Jiya littafi muka binne. Wa zai taimaka a rubuta abin da ya saura?" Mu goma sha biyu muka ɗaga hannu. Ya ce ba kuɗi a ciki, sai lada in an yi don Allah.

Kafin mu fita ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Fatake ne suka fara kawo Hausawa wannan ƙasa. Suna tasowa daga Kano da Katsina da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi, su nufi Gwanja sayen goro. Wasu ayarin su bi ta Sansanne Mango, wasu ta Zugu su ratsa ƙasar Kotokoli. Inda madugu ya saba sauke ayari, nan ake kira zango. Ya kuma ba mu labarin Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Karachi bayan yaƙin Salaga na 1892, lokacin da Jamus ke riƙe da garin. Ya rubuta tarihin Hausawa da ajami, ya rasu a 1934, ga shi har yau ana karantawa. Malam ya ce, "Ba ku kai shi ilimi ba, amma kuna da kunne da hannu."

Dokoki uku ya ba mu. A rubuta sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. In mutum biyu suka saɓa, a rubuta duka, kada mu zaɓa. In aka ce wannan kada a rubuta, to a ajiye bik.

Biyu-biyu muke tafiya bayan la'asar, da ɗan goronmu na gaisuwa. Gaskiya da farko abu ɗaya muke son ji: a ce mana kakanmu Bakano ne ko Bakatsine, mu samu abin taƙama. Kuma mun ji. Wani Baba ma ya buɗe mana akwatin ƙarfe ya fito da takardar ajami, gara ta ci gefe guda, an jera sunaye, wane ɗan wane, har mutum shida. Muna cikin kwafa sai tsohuwar gidan ta ɗaga labule ta ce, "Kai yara, su waɗannan mazan su suka haifi kansu?" Muka yi dariya. Ta ce, "Ba dariya ba ce. Ku zo nan ku zauna." Muka ce, "To, Kaka."

Nan aikinmu ya sauya. Da yatsu ta lissafa mana iyaye mata. Wannan Bakotokoliya ce daga Didawure, tsohuwar unguwar Musulmi ta Sokode. Waccan 'yar Kabiye ce ta nan kusa da Awuda. Wata kuma 'yar Moba ce, an auro ta lokacin da mijin yake fataucin shanu a Dapango. Ashe baƙin nan da aka rasa ta ina aka haɗu da su, ta ɗakin mata aka haɗu, takardar kuwa maza kaɗai ta sani. Daga ranar, kowane gida muka shiga sai mun nemi tsofaffi mata.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Ɗaya daga cikinmu ya ce shi ba zai rubuta ba, don a gidansu an ce su Hausawa ne gaba da baya. Muka yi ta gardama har gaban Malam. Bai yi faɗa ba. Ya tuna mana cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umarni a san dangantaka don a sada zumunci, sannan ya tambaye shi, "Wadda ta goyi kakanka, ita ba ta cancanci addu'arka ba?" Ya yi shiru, ya karɓi bik. Shi ne kuma, da wani a lakwal ya ce mana baƙi, ya amsa masa da sunan ƙauyen kakarsa.

Akwai inda muka yi kuskure, kuma ba za mu ɓoye ba. Wata Kaka ta ce mu dawo ranar Alhamis ta ƙarasa mana, ta gaji. Muka ce sai bayan mun huta, ai tana nan. Sati bai cika ba Allah ya karɓi abarsa. Shafinta rabi ne a littafin. Mun bar sauran fari, ba mu cike da zato ba.

Yanzu littafin yana wurin Malam, an yi kwafi biyu. Roƙonmu ga iyaye: duk mai tsohuwar takarda ya ba mu aro, mu kwafa a gabansa mu mayar masa. Wanda ya ga kuskure a shafin gidansu ya zo a gyara. Masu dangi a Sokode da Dapango, in kun buga waya ku tambaya mana sunan mahaifiyar kaka da garinsu. Ku kuma ƙannenmu na aji mai zuwa, gidajen da ke bayan kasuwa ba mu kai gare su ba. Ku fara da wanda ya fi tsufa, kuma in an ce muku Alhamis, ku je Alhamis.

Allah ya jiƙan magabatanmu maza da mata. Amin.