Neman Mai Maganin Waswasi

Akwai cutar da ba ta zuwa da zazzaɓi, ba ta kuma raba mutum da hankalinsa, amma tana iya cinye masa yini cur. Hausawa sun daɗe da kalmar waswasi, ita ce ta fi kusa da sunanta. Likitocin Nijar suna ce mata TOC, bisa ga Faransanci, na Nijeriya da Gana kuwa OCD. Wani mugun tunani ne yakan faɗo wa mutum ba da sonsa ba, ya firgita shi, sai ya yi wani abu domin ya sami sauƙi: ya wanke hannu, ko ya koma ya duba ƙofa, ko ya sake addu'ar da ya riga ya yi. Sauƙin yakan zo, amma ba ya daɗewa, sai a sake. Cikin mutum 100, wajen 2 sukan gamu da ita a rayuwarsu. Da wuya a sami majami'ar da take cika ranar Lahadi a ce ba mai ita a ciki.

Wata mace a Maraɗi, mai tuyar ƙosai a bakin hanya, ƴar zumuntar mata, ta yi shekara 4 tana fama da ita. Abin ya soma bayan haihuwarta ta uku, lokacin da cutar takan tasar wa mata da yawa. Akwai kwalbar fiya-fiya a gidan, wadda maigidanta yake kashe ƙwari da ita. Wata rana tana surfa wake, tunani ya faɗo mata cewa watakila hannunta ya taɓa kwalbar, gubar za ta shiga ƙullu, yaran makaranta su ci su mutu. Ta wanke hannu. Kafin shekara ta zagayo tana wankewa fiye da sau 50 a yini, fatar yatsunta ta tsattsage, kuɗin ga-ruwa ya fi ribar ƙosai, kuma sau da yawa takan zubar da ƙullu gaba ɗaya da asuba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta sani sarai tsoron ba shi da tushe. Wannan sanin shi ya raba cutar da taɓin hankali, shi ne kuma ya sa masu ita suke ɓoyewa, gama suna jin kunya.

Wurin fasto ta fara zuwa, yadda kowane mai bi zai yi. Kusan kowace yamma takan same shi a ƙofar gida ta ce, “Baba Fasto, in wani yaro ya mutu ta dalilina ban sani ba, alhakin yana kaina?” Shi kuwa dattijo ne mai haƙuri. Yakan ce, “Ɗiyata, ba abin da kika yi, je ki kwanta.” Ya yi mata addu'a, mata suka yi azumi dominta. Takan koma gida da sanyin zuciya, amma kafin ta kai bakin zaure wata tambayar ta taso: ko ta bayyana masa abin daidai? Gwaggonta ta ce iskoki ne, a kai ta wurin mai magani. Maigidan ya ƙi, amma shi ma ya gaji, har ya fara zancen ta tafi gidansu ta huta.

Neman likita ya ɗauki lokaci mai tsawo. A ɗakin shan magani na unguwa an ba ta man shafawa domin hannu. A wani babban asibiti an ji ta ce tunani yana damunta, sai aka rubuta mata ƙwayar da ake ba masu taɓin hankali. Ta yi wata 2 tana barci da rana, jikinta ya yi nauyi, wanke hannun kuwa yana nan. Bai kamata a yi saurin zargin ma'aikatan ba. Littafin jagora da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 domin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci lura da cututtukan ƙwaƙwalwa ya yi zancen baƙin ciki mai tsanani, da farfaɗiya, da taɓin hankali, da shaye-shaye, amma bai ware wa ciwon waswasi babi ba. Mutum ba ya gane abin da ba a koya masa ba.

Wani ɗan'uwan maigidan, mai aikin jinya, shi ne ya fara faɗin sunan cutar, ya ce su tafi Yamai. Tafiyar ta fi kilomita 600, yini guda a mota, sai da aka sayar da rago. Likitan ƙwaƙwalwa ya yi mata tambayoyi 10 na wani ma'auni da aka tsara a Amurka a 1989, wanda yake auna sa'o'in da cutar take ci da yawan wahalar da take jawowa. Ya ba ta fluoxetine, ya gargaɗe ta cewa ga wannan cuta maganin yakan yi mako 8 zuwa 12 kafin a ga aikinsa, kuma akan bukaci awo mai yawa fiye da na masu baƙin ciki. Mutane da yawa sukan yar da shi a mako na uku su ce ba ya aiki. Ya kuma ce ƙwaya rabin magani ce, sai ta nemi masanin halayyar ɗan Adam.

A nan ne aka fi ɓata hanya, domin ba kowane mai wannan ilimi ba ne ya koyi aikin waswasi. Na farkon da suka samu mutumin kirki ne. Ya tambaye ta labarin ƙuruciyarta, ya koya mata jan numfashi, ya kuma yi ta nuna mata da hujja cewa guba ba za ta iya shiga ƙullun ba. Wato abin da fasto yake yi kyauta, shi yana yi da kuɗi. Da suka koma wurin likitan, sai ya rubuta haruffa uku a takarda, EPR, waɗanda masu Turanci suke juyawa su ce ERP. Ya ce duk wanda za su gani su tambaye shi ko ya koyi wannan hanya, ko ya taɓa bi da mai waswasi da ita, ko kuma zai ba da aikin da za a yi a gida tsakanin zama da zama. In ya yi alkawari zai kori tunanin ya daina zuwa, su gode masa su fita. Sai a wurin mutum na uku, wata mace, suka sami amsar da suke nema.

Ma'anar hanyar ita ce mutum ya fuskanci abin da yake tsoro da gangan, sa'an nan ya hana kansa yin abin da ya saba yi domin samun sauƙi. Wani masani mai suna Victor Meyer ne ya fara gwada ta a wani asibitin Landan, ya ba da labarin majiyyata 2 a 1966, a zamanin da ake ɗauka cutar ba ta da magani. Daga baya Edna Foa da abokan aikinta a Amurka suka tsara ta, yawanci zama 12 zuwa 20. Tun 1978 bincike ya nuna cewa yawancin masu lafiya ma irin waɗannan munanan tunani sukan gifta musu, su wuce. Mai waswasi yakan tsaya ya yi kokawa da su, kokawar ce take ƙara musu ƙarfi.

Matar ta fara da kafa doka. Fiya-fiya guba ce ta gaske, ta ce, a ajiye ta nesa da abinci, wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu sau ɗaya, kamar kowa. Sauran duk na cutar ne. Suka jera abubuwan tsoro daga ƙarami zuwa babba: ƙofar ɗakin ajiya, rigar maigida, kuɗin da masu saye suke miƙowa. A zama na farko mai ƙosai ta riƙe rigar, ta zauna hannu a cinya, ba ruwa. Aka ce ta auna tsoronta daga 0 zuwa 100, ta ce 90. Ta yi kuka, ta roƙi buta, ba a ba ta ba. Bayan wani lokaci tsoron ya sauko da kansa, abin da ba ta taɓa gani ba cikin shekara 4, gama ba ta taɓa jira ba. Mako 2 suka yi a Yamai a gidan dangi, sauran zaman aka yi ta waya, maigidan yana riƙe da ita yana nuna wa matar murhu da kwanon ƙullu.

Umarnin da ya fi wuya na fasto ne. An aiko masa cewa in ta sake zuwa da tambayar, kada ya amsa. Ransa ya ɓaci, ya ce makiyayi ba ya rufe wa tunkiya ƙofa. Ba a ce ya rufe ƙofa ba. An ce ya karɓe ta, ya yi addu'a Allah ya ba ta ƙarfin jure shakka, amma kada ya ce mata ba abin da ya faru, domin wannan amsar ita ma wanke hannu ce, da baki. Masu kiwon rayuka na dā sun san haka tun kafin likitoci. Martin Luta, sa'ad da yake gidan sufaye, yakan yi sa'o'i yana furta ƙananan laifofi, har ubansa na ruhu, Staupitz, ya gaya masa ya daina zuwa sai yana da zunubi na gaske. Yohanna Banyan ma ya rubuta a 1666 yadda ya yi shekaru yana tsoron ya yi saɓon da ba a gafartawa. Faston ya yarda da ƙyar. Da ta zo ya ce, “Ɗiyata, na riga na amsa wannan, ba zan sake ba. Zauna mu sha ruwa.” Ta yi fushi da shi har Lahadi 2.

Bayan wata 5 ta koma bakin hanya da kaskonta. Ba ta warke sarai ba, ba kowa ne kuma yake samun ko irin nata sauƙin ba. Waɗansu sai an canja musu ƙwaya, ko a ƙara clomipramine, tsohon magani mai ƙarfi amma mai nauyi a jiki. Tunanin yana zuwa mata har yanzu, musamman in yaro ba shi da lafiya a gida. Sa'ad da ƙaramin ɗanta ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro da damina, ta zubar da ƙullu sau 2, ta kira matar a waya, suka koma matakin rigar maigida na mako guda. Tana ci gaba da shan maganin, likita ya ce ba za a rage ba sai a hankali, bayan ta cika shekara ba tare da abin ya tsananta ba.